Daga Kalangun Mahauta zuwa Wayar Hannu: Tarihin Talla a Mararaba

Yadda ake talla a Mararaba ya samo asali ne daga yadda garin kansa ya tashi. A kan taswira Mararaba tana cikin Ƙaramar Hukumar Karu ta Jihar Nasarawa, amma a zahiri makwancin ma'aikatan Abuja ce, don iyaka kawai ta raba ta da Nyanya a kan hanyar Keffi. Gbagyi da Gwandara ne tsofaffin mazauna yankin. A 1976 gwamnatin Murtala Muhammad ta yanke shawarar gina sabon babban birni, aka tare a cikinsa a Disamba 1991, sannan aka cire Nasarawa daga Jihar Filato a 1996. Tsadar haya a cikin birni ta riƙa koro mutane zuwa bakin iyaka. Rusau ɗin da aka yi lokacin da Nasir El-Rufai yake ministan Abuja, daga 2003 zuwa 2007, da hana acaɓa a tsakiyar birni a 2006, suka ƙara tunkuɗo dubban jama'a. Haka aka samu gari na baƙi, wanda mutanensa suke fita da asuba, su sha cunkoson hanya, su dawo bayan isha'i.

'Yan kasuwar Hausawa da suka sauka a nan sun zo da dabarun gida. A ƙasar Hausa sankira ne yake shelar sarki, mahauta kuma makaɗin kalangu ke sanar musu da gari cewa an yi yanka. Yara suna yawo da faranti a ka. Dillali yana haɗa mai kaya da mai saye ya karɓi la'ada, dillaliya kuwa ita ke shiga gida gida da ƙullin zannuwa da kwanuka, ta kai wa matan kulle kasuwa har ɗaki. Polly Hill, wadda ta yi bincike a Batagarawa kusa da Katsina, ta rubuta a 1969 game da wannan ɓoyayyen ciniki na cikin gidaje, ta nuna girmansa bai gaza na kasuwar fili ba. Duk waɗannan hanyoyi sanayya ce ginshiƙinsu: an san dillaliya, an san mijinta, an san ƙofar gidanta.

Ita wannan sanayyar ce ta yi ƙaranci a Mararaba, inda Bakano yake maƙwabtaka da Tibi da Ibo da Eggon, kuma ɗan haya kan tashi kafin a riƙe sunansa. Saboda haka tallan shekarun 1990 ya koma na ido da kunne. Aka cika bakin titi da alluna, masu maganin gargajiya suka ɗaura lasifika a kan mota, makarantun kuɗi da majami'u suka lulluɓe bango da fosta.

Wayar salula ta shigo a Agusta 2001 da Econet da MTN, Glo ta biyo a 2003 da lissafin daƙiƙa, kira ya yi sauƙi. Nan da nan lambobin waya suka hau katanga da fenti da gawayi: mai haƙa rijiyar burtsatse, mai yasar masai, dillalin gidaje. A Kasuwar Orange, inda manyan motoci ke sauke lemu daga Binuwai da tumatir da albasa daga Arewa, mai sari ya fara jin farashi tun mota tana hanya. Waya a lokacin tana ɗaukar magana da rubutaccen saƙo ne kawai, ba ta nuna kaya.

Hoto ya zo da 2go da BBM da Facebook a wajajen 2010, sai dai matasa da ma'aikata ne suka fi morarsu. Abin da ya kai harkar ga talaka shi ne wayoyi masu araha irin su Tecno da Itel da Infinix, tare da saƙon murya na WhatsApp. Wanda bai yi boko ba, ko wanda ajami kawai ya iya, sai ya danna ya faɗi abin da yake so da bakinsa, ya yi tayi, a ce masa albarka, ya ƙara, a sallama. A 2017 WhatsApp ta ƙara Status, wanda ke ɓacewa bayan awa 24, a 2018 kuma ta fito da WhatsApp Business. Status ya dace da garin ƙwarai, domin mai saye yana zaune cikin bas a cunkoson Nyanya, ba abin da ke hannunsa sai waya.

A nan dillaliya ta dawo da sabon salo. Matar aure a Kabayi ko Aso tana da abokin ciniki a Kantin Kwari na Kano, wanda zai turo mata hotunan atamfa da leshi da shadda da safe. Ta ɗora riba, ta sa a Status. Idan aka zaɓa, a tura mata kuɗi, ita ma ta tura Kano, a ba direba ƙullin a tasha da lambar wayarta rubuce a jikin leda. Ba ta da shago, sau da yawa ma ba ta taɓa kayan da hannunta ba sai ranar da suka iso. Haka masu turaren wuta da humra da kayan mata da dambun nama suke yi. Ƙwararru a cikinsu ba sa tura hoton kamfani. Sukan shimfiɗa turmin a hasken rana, su ɗauki bidiyo suna murza shi da yatsa don a ga kauri, su rubuta farashi a fili, su kuma takaita abin da suke sawa a yini, don mai cika Status da hoto hamsin tsallake shi ake yi.

Abubuwa biyu suka jawo har masu taurin kai zuwa ciniki ta waya. Na farko kullen korona da aka sa wa Abuja daga 30 ga Maris 2020, wanda ya datse zirga-zirga a iyakar Nyanya, ciniki ya koma waya da masu kai saƙo a babur. Na biyu ƙarancin takardun naira a farkon 2023 bayan sauya fasalin kuɗi, lokacin da mai shayi da mai nama suka buɗe asusun OPay ko Moniepoint, suka liƙa lambar a jikin tebur. Daga nan talla da biya suka haɗu a na'ura ɗaya.

Matsalar da ta biyo baya tsohuwa ce, wato cinikin biri a sama. Akwai mai karɓar kuɗi ya toshe lamba, akwai mai saye da ke nuna alat na bogi, akwai dillalin da zai sa bidiyon ɗakin da ba nasa ba ya karɓi kuɗin dubawa daga mutum goma. Maganin da 'yan kasuwa suka samo shi ne sake gina sanayya da hannu. Suna ɗora saƙon godiyar wanda ya karɓi kaya a matsayin shaida, suna kiran bidiyo daga cikin shago, suna yarda a biya bayan kaya sun iso. Masu barkwanci da 'yan fim a TikTok da Instagram sun gaji aikin maroƙa, ana biyansu su yabi kaya, amma yawan mabiya bai cika zama ciniki ba. Ƙaramin zauren WhatsApp na matan unguwa ɗaya ko iyayen yaran Islamiyya ɗaya ya fi kawo mai saye na gaske. Ƙungiyoyin kasuwa da kwamitocin masallatai ma ta irin waɗannan zauruka suke kiran taro, su sanar da rasuwa, su tara gudummawa, su watsa tafsirin azumi kai tsaye a Facebook.

Raunin tsarin shi ne dandalin ba na mai talla ba ne. Ranar 4 ga Oktoba 2021 Facebook da WhatsApp da Instagram suka ɗauke na kusan awa shida a duniya baki ɗaya, a daidai lokacin da Twitter take rufe a Najeriya bisa umarnin gwamnati, daga Yuni 2021 zuwa Janairu 2022. Ɓarayin asusun WhatsApp kan yaudari mutum ya karanto musu lambar sirri, su ƙwace zaurensa su roƙi abokan cinikinsa kuɗi da sunansa. A Janairu 2025 hukumar sadarwa ta NCC ta amince a ƙara kuɗin kira da data da kashi 50 cikin ɗari, abin da ya sa bidiyo ya yi wa ƙananan 'yan kasuwa nauyi. Shi ya sa da yawa a cikinsu har yanzu suke ajiye littafi na takarda mai ɗauke da sunaye da lambobin abokan ciniki da bashin da ake bin kowa, allon shago kuma yana nan a bakin titi, an dai ƙara masa lambar WhatsApp a ƙasa.