Fitowar Rana da Faɗuwarta a Waƙoƙin Ƙasar Ƙonni da Adar

Fitowar rana da faɗuwarta na cikin tsofaffin alamomin da mawaƙan Hausa ke aiki da su. A ƙasar da ta haɗa Birnin Ƙonni da Malbaza da Illela ta Adar, cikin jihar Tawa ta Jamhuriyar Nijar, ana iya bin sawun ma'anarsu daki-daki, domin a nan gidaje uku na waƙa suka zauna kusa da juna shekaru aru-aru: na manoma, na fada, da na malamai. Kowane gida da idon da yake kallon rana. Abin da ya haɗa su shi ne, mawaƙin wannan ƙasa bai cika tsayawa yana yabon jan gari don kyansa kawai ba. In ya ambaci hantsi ko almuru, to akwai aiki, ko mulki, ko ajali a bayan maganar.

Ƙonni tana kusan digiri 14 arewa da tsakiyar duniya, saboda haka dare da yini ba sa yi wa juna nisa: yini mafi tsawo bai cika sa'a 13 ba, mafi gajarta kuma ya ɗara 11. Sau biyu a shekara rana kan tsaya daidai tsakar ka, a ƙarshen Afrilu da tsakiyar Agusta. Abin da ya fi tasiri a waƙa shi ne gajartar almuru. Da rana ta taɓa ƙasa, kafin makiyayi ya gama ɗaure dabbobinsa duhu ya rufe. Wannan ya sa faɗuwar rana a bakin mawaƙan nan take ɗauke da ma'anar abin da ke zuwa ba shiri.

Gidan manoma shi ne mafi daɗewa. Ga wanda ke noman gero da dawa a tudun Adar ko a kwarin Magiya, gabas ita ce mafitar rana, kuma ita ce mafitar hadari. Daga can gari yake haɗowa da damina, iska ta riga ruwa isowa da ƙura, sannan a sauke. Shi ya sa tsofaffin magina ba sa son ƙofar ɗaki ta kalli gabas, kuma bangon gabas shi ake fara yi wa yaɓe kafin ruwa ya sauka. Gabas ke nan mai ciyarwa, mai kuma rushewa. Azna, waɗanda har yanzu suke taron arwa a Masalata kusa da Ƙonni don duba abin da shekara za ta zo da shi, sun gina rayuwarsu a kan lura da irin waɗannan alamu. Wani masani Bafaranshe, Guy Nicolas, ya nuna a rubutunsa na 1966 a kan ƙasar Maraɗi yadda Hausawan karkara ke shata gona da gari bisa kusurwoyi huɗu na duniya, kowace kusurwa da matsayinta.

A wannan gida rana ita ce agogo. Da asuba ake jin tabarya a turmi, mata na daka suna waƙa. Kafin hantsi ya ɗaga, 'yan gayya sun ci rabin kunya, makaɗi na zuga su da gangar noma, domin kowa ya san ƙarfin manomi da sanyin safiya yake tafiya. Namijin da hantsi ya tarar a kan shimfiɗa da damina ya ba makaɗa abin zambo. Yabon gwarzon noma kuwa yana tsakanin iyakoki biyu: ya riga rana zuwa gona, ta kuma faɗi ta bar shi a can. Almuru lokacin tattarawa ne. Ana kiran yara su shigo gida, a hana su zama bakin rijiya ko gindin tsamiya, saboda an yi imani lokacin ne iskoki ke yawo. Musulunci da ya zo bai kawar da wannan tsoro ba, domin akwai hadisin da ya yi umarni a tsare yara a gida sa'ad da duhu ke shigowa.

Gidan fada ya ɗauki ranar ya naɗa mata rawani. Sarautun yankin da kansu suna danganta asalinsu da gabas ko arewa maso gabas. Gidan Sarkin Adar, wanda fadarsa take Illela, ya fito daga Agabba ɗan Sarkin Agadas Muhammadu Mubarak, wanda ya ci Adar a ƙarshen ƙarni na 17. Gobirawa, da suka mamaye Ƙonni a ƙarni na 18, suna ba da labarin kakanninsu sun taso daga gabas mai nisa, suka biyo ta Azbin. Ga makaɗin fada, kamanta sarki da rana abu ne da ke hannu. Kirarin hantsi, leƙa gidan kowa, ya dace da mai mulki ƙwarai: ba gidan da ikonsa bai shiga, ba wanda yake neman izininsa kafin ya shigo. Karin maganar nan cewa in rana ta fito tafin hannu ba ya kare ta, ita ake jefa wa 'yan sarkin da suka nemi gadon sarauta suka rasa. Gamzaki, tauraron asuba, shi ma ya zama sunan yabo ga jarumi.

Kamancen bai tsaya ga daɗi ba. Hantsi yana warkar da sanyin hunturu, rana tsaka kuma tana ƙuna, kuma makaɗi yana sane da duka biyun sa'ad da yake yabo. Talaka ma yana ji yana ganewa. Faɗuwar rana kuwa ba maganar da ake yi wa ubangida mai rai ba ce. Sai sarki ya ƙaura ake cewa gari ya yi duhu, sabon naɗi kuma ya zama wayewar gari. Wannan salo ne mutanen Ƙonni da Adar suka ci gaba da ji a ƙarni na 20 daga manyan makaɗan ƙetaren iyaka, irin su Ibrahim Narambaɗa da Salihu Jankiɗi da Musa Ɗanƙwairo, ta rediyo da kasakasai, domin iyakar da Turawa suka shata ba ta raba kunnen Gobirawa da Adarawa ba.

Gidan malamai shi ne ya fi zurfafa maganar, kuma yana da tushe a wannan ƙasa. Toronkawa, dangin Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, sun daɗe zaune a Ƙonni tun zamanin kakansu Musa Jakollo, kafin su koma Marata kusa da Galmi, inda aka haifi Shehu a watan Disamba na 1754, daga nan kuma zuwa Degel. Almajirin irin wannan gida yana tashi ne da labarin Annabi Ibrahim a Suratul An'am, wanda ya dubi tauraro da wata da rana ɗaya bayan ɗaya, ya ƙi kowanne saboda yana faɗuwa. Yana kuma karanta gardamarsa da Namaruzu a Suratul Baƙara, inda hujjar da ta yanke magana ita ce fitowar rana daga gabas. Littattafan fiƙihun Malikiyya, daga Ahalari zuwa Risala, sun koya masa haramcin nafila daidai lokacin da rana ke ɓullowa da lokacin da take nutsewa, don kada sujada ta yi kama da ta masu bautar rana. A hannun malami rana ta sauka daga gadon sarauta ta zama baiwa mai bin umarni, kuma faɗuwarta kullum shaida ce a kanta.

Hasken da aka karɓe daga rana sai aka mayar da shi ga Manzon Allah, tsira da aminci su tabbata a gare shi. A nan waƙar madahu ta bi sawun Larabawa. Busiri a cikin Burda ya kamanta Annabi da rana, sauran annabawa da taurarinta, kuma tun kafinsa Nabiga, ɗaya daga mawaƙan Jahiliyya da ake karantawa a zauruka, ya yi wa Sarki Nu'umanu irin wannan kamance. Abin lura ne cewa makaɗin fada da malami sun hau hanya guda, sai dai malami ya ƙi yarda a ba ɗan Adam mai mulki abin da yake gani na Annabi ne. Cikin dalilan da suka sa masu jihadi suka tsananta wa kiɗan fada har da irin wannan wuce iyaka a yabo.

A waƙoƙin wa'azi ne faɗuwar rana ta samu nauyinta duka. Rayuwa yini guda ce: ƙuruciya hantsi, ƙarfi rana tsaka, furfura la'asar. Wanda la'asar ta yi masa sakaliya bai tuba ba, ya san gajartar abin da ya rage, tunda a Malikiyya zaɓaɓɓen lokacin magariba ɗan kaɗan ne, daidai a yi alwala a yi salla. Mai sauraro a Tsarnawa ko Badagishiri ba ya bukatar a fassara masa wannan, ya sha ganin yadda magariba ke kubce wa wanda ya tsaya ciniki. Sai kuma babbar alamar tashin duniya, wato fitowar rana daga yamma, wadda hadisi ya ce da ita ake rufe ƙofar tuba. Babu wata siffa da ta kai wannan razanarwa ga mutanen da aikinsu da sallarsu da kwanciyar kabarinsu duk suka dogara ga sanin inda gabas take. A ranar hisabi ma rana tana nan, an kusanto da ita kan halitta, gumi na kama kowa gwargwadon aikinsa. Nana Asma'u 'yar Shehu, wadda ta rayu daga 1793 zuwa 1864, ta yi waƙar Hausa a kan sharuɗɗan ƙiyama, kuma ta hannun jagororin 'Yan Taru, matan da ke karantar da 'yan'uwansu mata, irin waɗannan waƙoƙi suka shiga gidajen matan karkara.

Gabas a wannan gida alƙibla ce. Daga Ƙonni, Makka tana gabas da ɗan karkata arewa. Mamaci ana kwantar da shi a gefensa na dama, kai a kudu, ƙafafu a arewa, fuska na kallon gabas. Shehu da kansa, yana ɗan shekara kusan 20, ya yi ƙasidar Larabci ta begen ziyarar Madina, ziyarar da bai samu yi ba har ya rasu a 1817. A kan wannan bege aka ɗora tsammanin bayyanar Mahadi da hijirar ƙarshen zamani zuwa gabas, tsammanin da ya yi ƙarfi har Maryam 'yar Shehu ta rubuta wa Sarkin Kano tana gargaɗin cewa lokacin tashi bai yi ba. Ita hijirar Shehu ta Fabrairun 1804, daga Degel zuwa Gudu, yamma ta nufa, abin da ke nuna cewa gabas ɗin waƙa ta zuciya ce kafin ta zama ta ƙafa.

Ta zama ta ƙafa da zuwan Turawa. Ranar 8 ga Mayu 1899 rundunar Voulet da Chanoine, wadda ta taso daga bakin Kwara a yamma, ta auka wa Birnin Ƙonni ta karkashe jama'a masu ɗimbin yawa ta ƙone gari. A watan Maris na 1903 Ingilishi suka ci Sakkwato. Sarkin Musulmi Attahiru, wanda ake danganta masa waƙar zuwan Annasara mai kira ga hijira, ya nufi gabas da dubban mutane, aka kashe shi a Burmi a watan Yuli na shekarar. Ɗansa Muhammadu Bello ya ƙarasa da sauran har Sudan, inda garin Mai Wurno yake a bakin Shuɗin Nilu. A Amurka ta ƙarni na 19, mawaƙa irin su Walt Whitman yamma suke kallo in suna zancen gobe, domin can sabuwar ƙasa take a wurinsu. Mawaƙin Hausa na wannan zamani gabas yake juyawa in duniya ta ƙuntata. Mai karatun da ya ɗauko ma'aunin waccan waƙa ya auna wannan da shi, zai fahimce ta a juye.

Duk da haka kuskure ne a ɗauka faɗuwar rana baƙin ciki ce kawai. A lissafin Musulunci da magariba sabon kwana ke farawa, shi ya sa daren Juma'a yake zuwa bayan yinin Alhamis, kuma a wannan dare ne makaɗa ke taruwa a ƙofar fada. Da azumi ba lokacin da ya kai faɗuwar rana daɗi. A yamma ake neman jinjirin wata, bayan magariba kuma ake kai amarya, ƙawaye na waƙa uwa na kuka. A waƙoƙin biki da na tashe, duhun farko lokacin haɗuwa ne.

A 'yan shekarun nan alamomin sun fara sauya nauyi. Agogon waya da lasifikar masallaci sun karɓe aikin auna inuwa da tafin ƙafa, wanda ladanai ke yi don gane azahar da la'asar. Fitilun sola sun rage tsoron almuru a ƙauyuka, kuma a 2018 aka buɗe tashar wutar lantarki mai aiki da hasken rana a Malbaza, mai ƙarfin megawat 7. Mawaƙan soyayya na zamani suna kamanta masoyiya da hasken safiya, salon da ya fi kusa da finafinai fiye da fada ko zaure. Waƙoƙin malamai sun tsira a rubuce, cikin ajami, a ma'ajiyar rubuce-rubuce ta cibiyar bincike ta IRSH a Yamai da kuma gidan tarihi na Waziri Junaidu a Sakkwato, na makaɗan fada kuma suna cikin faya-fayen gidajen rediyo. Na manoma da na matan daka su ne mafi tsufa a cikin ukun, su ne kuma aka fi sakaci da naɗa, kuma mafi yawansu har yau a bakin tsofaffin Adar da Ƙonni kaɗai suke.