Sankarar Jini Mai Gashi da Raunin Ƙwayoyin NK

Sankarar jini mai gashi cuta ce da ba a cika gani ba. Ba ta wuce kusan kashi 2 cikin 100 na masu sankarar jini, kuma ta fi kama maza da suka manyanta. Tana kumbura saifa, ta cushe ɓargo, har likita ya soka allura ya zuƙo, sirinji ya dawo a bushe.

Wasu marubuta kan ɗauko tarihinta daga 1923, shekarar da likitan Jamus Ewald ya bayyana wata cuta mai kama da ita. Sai dai sunan da ya raɗa mata an yi ta laƙaba wa cututtuka iri-iri. Shekarar da ta fi kamata a riƙe ita ce 1958, lokacin da Bertha Bouroncle, 'yar asalin Peru, da abokan aikinta a Jami'ar Jihar Ohayo ta Amurka suka tattara bayanin marasa lafiya 26. Batun gashi kuwa sai a 1966 ya shigo, da Schrek da Donnelly suka ga 'yan siraran tsirrai kewaye da ƙwayar cutar a ƙarƙashin madubin ƙara girma.

A wancan zamani cire saifa ne babban magani, kuma abin da ya fi kashe masu cutar shi ne kamuwa da ƙwayoyin cuta, har da dangin ƙwayar tarin fuka waɗanda ba su cika damun mai lafiya ba. An san cewa wasu fararen ƙwayoyin jini, musamman monosait, kan yi ƙaranci ƙwarai. Amma a 1975 Rolf Kiessling da abokansa a Cibiyar Karolinska ta Suwidin, da Ronald Herberman a Amurka, suka bayyana wasu sojojin garkuwar jiki da ke afka wa ƙwayar sankara ba tare da sun taɓa haɗuwa da ita ba. Su ne ƙwayoyin NK, makasa tun daga halitta. Daga baya aka fara tambayar halin da suke ciki a jinin masu wannan cuta.

Gwajin ba shi da wuyar fahimta. Ana ɗaukar ƙwayoyin sankara da ake renonsu a ɗakin gwaji, masu suna K562, a shayar da su sinadarin kuromiyom mai fitar da tururin nukiliya, a zuba musu fararen ƙwayoyin majiyyaci, a bar su awa huɗu. Duk ƙwayar da aka fasa sai ta zubar da kuromiyom ɗinta cikin ruwan, a auna. Da wannan dabara Ruco da tawagarsa a Italiya suka ba da rahoto a 1983 cewa ƙarfin kisan ƙwayoyin NK ya faɗi warwas a jinin masu cutar.

Shekara guda bayan haka, Jorge Quesada na asibitin M. D. Anderson da ke Houston ya ba masu cutar mutum 7 maganin intaferon alfa, dukkansu suka sami sauƙi. Tunda an riga an san intaferon yana zaburar da ƙwayoyin NK, sai zance ya haɗu. A 1986 tawagar Gianpietro Semenzato a Padua ta nuna cewa aikin NK yana farfaɗowa ga masu karɓar maganin. Daga nan aka rabu biyu. Wasu suka ce farfaɗowar NK ce ke korar cutar. Wasu suka ce intaferon kai tsaye yake bugun ƙwayar mai gashi, dawowar NK kuwa alamar samun sauƙi ce kawai. Hujjar ɓangare na biyu ta fi nauyi, domin a ɗakin gwaji ita kanta ƙwayar mai gashi takan gagari NK.

Ba a kai ga raba gardamar ba aka watse. A 1990 Lawrence Piro da abokansa a Scripps ta Kalifoniya suka ɗaura wa mutum 12 ƙarin ruwa mai maganin kiladiribin na kwana bakwai, sau ɗaya tak, alamun cutar suka ɓace gaba ɗaya a jikin 11. Intaferon ya koma gefe, binciken NK ya bi shi. Shi kuma kiladiribin yana danne wasu sojojin garkuwar, ƙwayoyin CD4, na tsawon lokaci.

A 2011 Enrico Tiacci da Brunangelo Falini a Perugia suka gano sauyin ƙwayar gado BRAF V600E a kusan duk masu cutar, hankalin masu bincike ya karkata can.