Sawun Musulmi a kudancin Fotugal

Duk wanda ya shiga Fotugal yana neman irin fadar Alhambra ko babban masallacin Ƙurɗuba zai koma gida da ƙorafi, domin waɗannan suna Sifaniya. Sai dai kuskure ne a ɗauka Musulunci ratse kawai ya yi a ƙasar. Musulmi sun tsallako daga Arewacin Afirka a 711, Lisbon ba ta kuɓuce musu ba sai 1147, da Sarki Afonso Henriques ya ci ta da taimakon mayaƙan Salibi, Faro kuwa sai 1249. Sama da shekara 500 ke nan a kudu, kuma sawunsu ya fi fitowa a ƙananan garuruwa.

Babbar hujja tana Mértola, a bakin kogin Guadiana. Cocin garin masallaci ne da aka gina a ƙarni na 12, zamanin Muwahhidawa. Da Kiristoci suka karɓe garin a 1238 ba su rushe shi ba, suka mayar da shi nasu, shi ya sa mihrabinsa yana nan har yau, haka ma ƙofofinsa masu baka irin na ginin Magrib. A Silves kuma ganuwar jan dutse da rijiyar tara ruwan sama suna nan a birnin da Al-Mu'utamid ya yi wa gwamna. Shi wannan, da ya zama sarkin Ishbiliya daga baya, fasihin mawaƙi, haifaffen Beja ne, cikin Fotugal ta yau, ya kuma rasu a tsare a Agmat ta Maroko a 1095.

Wani zai ce masallaci guda da 'yan ganuwa sun yi kaɗan a kafa hujja da su. Maganar na kan hanya, amma ƙarancin yana da dalili. Yankin gefen daula ne, manyan gine-gine kuwa inda sarauta take ake yin su. Bayan cin Lisbon an tattara sauran Musulmi a unguwar Mouraria, a 1496 Sarki Manuel na Ɗaya ya ba da umarnin korar su tare da Yahudawa, girgizar ƙasar 1755 ta rusa yawancin tsakiyar birnin, sannan gwamnatin Salazar ta fi son a koyar da tarihin yaƙin Kiristoci. Da masani Cláudio Torres ya fara tono a Mértola a 1978, sai ga unguwa guda ta gidajen Musulmi a gindin ganuwar garin.

Duk da haka a yi hattara da masu zuzutawa. Tayil mai shuɗi da fari da ya lulluɓe bangayen Lisbon da Porto ba aikin Musulmin ƙasar ba ne: sana'ar ta shigo daga Ishbiliya zamanin shi Manuel ɗin, launin kuma daga baya aka kwaikwayo shi daga tangaran na Sin da na Holan. Ganuwar Sintra da ake dangantawa da Musulmi ma ta sha gyara a hannun Sarki Fernando na Biyu a ƙarni na 19.