Fazzan a hannun Italiya: yadda gwamnatin Mussolini ta mulki Sabha da kudancin Libiya

Fazzan shi ne yankin hamada na kudu maso yammacin Libiya, mai iyaka da Nijar da Chadi da Aljeriya, kuma babban birninsa a yau shi ne Sabha. Ta nan ayarin Kano da Damagaram da Borno suka riƙa bi zuwa Tarabulus. Daga 1930 zuwa farkon 1943 yankin ya zauna a hannun gwamnatin Fasist ta Benito Mussolini, wadda ta riƙe shi da soja tun daga farko har ƙarshe.

Yadda aka ci yankin

Italiya ta shiga Libiya a 1911, ta ƙwace ta daga Turkawa. Kanar Antonio Miani ya kai Sabha da Murzuk a farkon 1914, amma a watan Nuwamba mayaƙan Sanusiyya da ƙabilun yankin suka ƙwace barikin Sabha, Italiyawa suka fice daga Fazzan baki ɗaya. A cikin wannan tsakanin ne Kawsan ya fito daga Fazzan da makamai, ya yi wa Agadas ƙawanya a Disamban 1916.

Bayan Mussolini ya hau mulki a 1922, aka ƙudurta sake cin ƙasar. Janar Rodolfo Graziani ya kama Brak da Sabha a Disamban 1929, Murzuk a Janairun 1930, sai Gat a Fabrairu. Ya yi amfani da motocin yaƙi da sojojin raƙuma da askarawan Eritiriya, jiragen sama kuma suka riƙa jefa bama-bamai kan masu gudu zuwa iyakar Aljeriya. Dubban mutane suka yi hijira. Awlad Sulaiman da shugabanninsu na gidan Saif al-Nasr suka nufi Chadi, inda suke da dangi tun ƙarni na 19.

A gabashin ƙasar abin ya fi muni. An kwashe mutane kimanin 100,000 zuwa sansanonin tsarewa, aka kuma rataye Umar Mukhtar a Suluk ranar 16 ga Satumban 1931.

Tsarin mulki

A 1934 aka haɗe Libiya a ƙarƙashin gwamna ɗaya, Italo Balbo. Daga baya aka raba bakin teku zuwa larduna huɗu: Tarabulus, Misrata, Bengazi da Darna. Hamadar kuwa, har da Fazzan, aka mai da ita Yankin Soja na Kudu, hedikwatarsa a garin Hun. Hafsan soja ne mai hukunci a kowane gari, mudirai da alƙalai 'yan ƙasa suna aiki a ƙarƙashinsa. An karɓe bindigogin jama'a, an kafa barikoki a bakin rijiyoyi da hanyoyin ayari, domin a hamada wanda ya riƙe ruwa shi ya riƙe mutane. Barikin Sabha da ke kan tudu, wanda suka kira Elena, na nan har yanzu.

A 1938 an kawo manoma Italiyawa 20,000 aka zaunar da su a bakin teku. A 1939 aka mai da lardunan nan huɗu wani ɓangare na Italiya, aka buɗe wa Musulmin cikinsu wata takardar zama ɗan ƙasa mai ƙaramin matsayi. Mutanen kudu ba sa cikin wannan lissafi.

Yaƙin Duniya na Biyu da abin da ya biyo baya

Da Chadi ta bi Janar de Gaulle a 1940, Fazzan ya zama bakin daga. A Janairun 1941 sojojin Ingila da na Faransa suka kai hari Murzuk. Rundunar Janar Leclerc, wadda akasarin mayaƙanta 'yan Afirka ne, ta taso daga Chadi ta kama Sabha a Janairun 1943.

Faransa ta mulki Fazzan daga Sabha har Libiya ta sami 'yanci ranar 24 ga Disamban 1951, Ahmad Saif al-Nasr, wanda ya dawo daga hijira, ya zama shugaban lardin. Rigimar iyaka kuwa ta daɗe: yarjejeniyar 1935 tsakanin Mussolini da Laval, wadda ta ba Italiya zirin Awuzu amma ba ta fara aiki ba, na cikin abin da Libiya ta kafa hujja da shi a kan Chadi, har Kotun Duniya ta ba Chadi gaskiya a 1994.