Salka, Malfa da Dawo: Guzurin Matafiyin Bazara a Ƙasar Dutse

Hanyar da ta taso daga Kano ta bi Wudil, ta karya a Kwanar Huguma, ta ratsa ƙasar Dutse zuwa Shuwarin da Kiyawa kafin ta nufi Azare da Maiduguri, kwalta ce kawai sabuwa a jikinta. Tun kafin a san mota ta wannan shiyya ake zirga-zirga tsakanin Kano da Borno: fatake da jakunansu, masu kanwa, almajirai masu tafiya gabas neman karatu, da maniyyatan da suka ɗaura niyyar Makka a ƙafa. Wanda bazara ta riska a hanya, tsakanin Maris da Mayu, lokacin da zafi kan haura digiri 40, duwatsun Dutse su yini suna shan rana su kwana suna amayar da ita, ya san abin da ya ɗauro a mangala shi zai kai shi zango ko ya kayar da shi.

Ruwa ne farko, mazubinsa kuwa salka. Fatar akuya ce da ake feɗewa ba tare da an tsaga cikin ba, majema su jeme ta da bagaruwa, a ɗaure ƙafafun tam, a bar wuyan ya zama baki. Sabuwar salka takan sa ruwa ya yi ja-ja da ɗan bauri, shi ya sa mai hankali ba ya fita da ita sai ya cika ya zubar sau da yawa. Amma tana da wata baiwa: tana tsattsafo kaɗan-kaɗan, iska na busar da danshin jikinta, ruwan ciki na yin sanyi. Da iskar bazarar da ke ƙona fuska take sanyaya ruwan. Jarkar roba ba ta iya wannan ba. Ko awa biyu ta yi a rana, ruwanta ya zama na wanka. Ban da salka, kowa na rataye da goransa ko gyanɗama, malami kuma da jallon alwala.

Ayari ba ya tashi babu guga da doguwar igiya, domin a ƙarshen rani ruwan rijiya ya yi ƙasa, kuma ba kowane gari ne zai ara wa baƙo nasa ba. Sanin inda rijiya take, da wadda kan ƙafe, da tsamiyar da inuwarta za ta ɗauki mutane da dabbobi, aikin madugu ne da jagaba. Su ne kuma masu tsara lokaci. A yi sammako tun da assalatu, a ci tafiya kafin hantsi ya dubi ludayi, rana na take tsaka an sauke kaya an yada zango. In da farin wata, a ƙara da tafiyar dare.

Manyan ayarori ma sun fi son hunturu. Baturen Birtaniya Hugh Clapperton ya baro Kukawa cikin ayarin 'yan kasuwa a Disamba 1823, ya bi ta Katagum, ya shiga Kano ranar 20 ga Janairu 1824, kuma ya rubuta cewa wata safiya a hanya sanyi ya sa salkunansu sun daskare. Bazara ta wanda tafiya ta kama dole ce.

Tufafin ma ba don ado aka zaɓe su ba. Malfar kaba mai faɗin baki, wadda akan yi wa ado da jar fata da igiyar haɓa, ita ce inuwar da ke bin mai ita. Rawani na kare ƙeya, amawali na tare ƙura ya rage bushewar maƙogwaro. Riga mai yalwa ta saƙi tana barin iska ta shiga ta fita. Sai faɗe, takalmin fatar sa, domin rairayin jigawa da azahar ba ya takuwa da tafin ƙafa, ga kuma ƙarangiya.

A nan ne hikimar matan gida ta fi fitowa, su da ba a cika ambata ba in ana labarin fatauci. Abinci mai miya ba ya kwana a bazara, don haka guzuri duk busasshe ne ko mai jure zafi. Dawo ake kirɓawa da citta da kanumfari da barkono, a mulmula, a barbaɗe da gari, a jera a ƙwarya. In an dace da Fulani a hanya sai a sayi nono a dama. In ba a dace ba, a jiƙa tsamiya, ko a yi farau-farau a kora. Fura na maganin yunwa da ƙishirwa a lokaci guda, da ruwan ciki kuwa ake jan na rijiya. Ga ƙuli-ƙuli, ga dakuwa, ga kilishi ga mai hali, ga 'yan ƙwayoyin goro a naɗe cikin ganye mai laima don kada su bushe. Mutumin Dutse na da ƙari ɗaya: dabino, wanda garin ya yi suna da shi har cibiyar bincike ta NIFOR ta kafa reshenta na dabino a nan. Ba ya nauyi, ba ya lalacewa da wuri, kuma 'yan ƙwayoyi sun isa su tayar da wanda jiri ya fara ɗiba.

Dabbobi ma da nasu guzurin: dusa da kanwa. Kanwar ba ta wahalar samu a wannan yanki. Wani Bature, Heinrich Barth, da ya bi ta Gumel a Maris 1851, ya tarar da garin babbar matattarar cinikinta ce.

Jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, layin Nguru da ya bi ta Ringim ya kammala a 1930, daga baya manyan motoci suka karɓe sauran aikin jakuna. Da aka ƙirƙiro Jihar Jigawa ranar 27 ga Agusta 1991, Dutse ta zama babban birni, zuwa Kano da kan ci kwana uku ko huɗu a ƙafa ya koma abin a je a dawo a yini. Abin da dā ake ɗauka, yanzu saye ake yi. Mota na tsayawa a Shuwarin yara za su yanyame tagogi da fiya wata, zoɓo da kunun aya masu ƙanƙara. Sauƙi ne babba, ba mai musu. Abin takaicin shi ne an yar da ilimin tare da salkar: sai ka ga mota ta cika maƙil da ƙarfe ɗaya na rana, ga tsofaffi ga masu goyo, ba wanda ya riƙo ko gora ɗaya, alhali in ta lalace a dokar daji babu mai talla a wurin.

Tafiyar Makka ce ta fi nuna nisan da aka yi. Kakannin mutanen wannan ƙasa sun bi ta Borno da Chadi da Sudan har gaɓar Bahar Maliya, wasu su shekara da shekaru suna noma da ƙodago a hanya, wasu su zauna can ɗungurungum, kamar jama'ar garin Mai Wurno a Sudan. A 2014 aka fara ɗibar alhazai daga filin jirgin sama na Dutse, tafiyar ta koma ta 'yan awoyi. Ranar dai ba ta sauya ba: a Hajjin 2024 zafi ya haura digiri 51 a Makka, hukumomin Saudiyya suka ce fiye da mutum 1,300 sun rasu. Shi ya sa a wajen bita malamai ke ta nanata wa maniyyata su riƙi laima da gorar ruwa, su sha tun ƙishirwa ba ta zo ba, su kuma bar jifan Shaiɗan sai rana ta yi sanyi.