Haihuwa a asibiti da haihuwa a gida a Birnin Kudu da Gwaram

Haihuwa a asibiti da haihuwa a gida su ne hanyoyi biyu da mata ke bi wajen sauka a ƙananan hukumomin Birnin Kudu da Gwaram, da ke kudancin Jihar Jigawa a Najeriya. Mata da yawa a yankin suna haɗa hanyoyin biyu: suna zuwa awo a asibiti, amma idan naƙuda ta zo sai su haihu a ɗakinsu, ba a nufi asibiti sai abu ya yi tsanani. Wannan ne ya sa muhawarar da ake yi a yankin ta bambanta da ta ƙasashe masu arziki. A can ana kukan yawan tiyata ba tare da buƙata ba, a nan kuwa babbar matsalar ita ce macen da ke buƙatar taimakon likita ba ta samunsa a kan lokaci.

Cibiyoyin lafiya

An ƙirƙiri Jihar Jigawa daga tsohuwar Jihar Kano a ranar 27 ga Agusta, 1991. Babban asibitin kudancin jihar shi ne Cibiyar Lafiya ta Tarayya da ke Birnin Kudu, wadda gwamnatin tarayya ta kafa a shekarar 2000. Can ake tura masu naƙuda mai wuya daga ƙananan asibitocin Birnin Kudu da Gwaram da Buji, har ma daga garuruwan Jihar Bauchi da ke makwabtaka. A garin kuma akwai kwalejin jiha da ke horar da ma'aikatan jinya da ungozomomi.

A 2007 gwamnatin jihar ta kawo tsarin Gunduma, wanda ya raba jihar gida tara domin haɗa ƙananan asibitoci da manya a ƙarƙashin kulawa ɗaya, kuma Birnin Kudu ta kasance ɗaya daga cikin gundumomin a lokacin. A 2009 gwamnatin tarayya ta fara shirin tura ungozomomi masu horo zuwa asibitocin karkara. A Jahun, cikin jihar, ƙungiyar likitoci ta MSF tana aiki a sashen haihuwa da na gyaran yoyon fitsari tun 2008.

Matakan da ake ɗauka a asibiti

Idan mace ta zo da naƙuda, ungozomar asibiti tana auna hawan jininta da bugun zuciyar jariri, tana kuma duba buɗewar bakin mahaifa lokaci zuwa lokaci. Idan haihuwa ba ta tafiya daidai, matakan da aka fi ɗauka su ne:

Ruwan naƙuda: sinadarin oksitosin ne da ake sawa cikin ƙarin ruwa domin tayar da naƙuda ko ƙara mata ƙarfi. Idan aka yi amfani da shi ba bisa ƙa'ida ba, musamman ga macen da ƙugunta ya yi wa jariri kaɗan, yana iya fasa mahaifa.

Ƙari: ɗan yanka ne da ake yi a bakin farji domin faɗaɗa hanya, a ɗinke bayan haihuwa.

Tiyata, wadda mutane ke kira “aiki”: ana yanka ciki da mahaifa a ciro jariri. Ana yin ta idan naƙuda ta toshe, ko jariri ya kwanta a gicciye, ko mabiya ta tare hanya, ko jariri ya galabaita.

Allurar maganiziyom salfet: ana yin ta ga mai jijjiga, wato ciwon da hawan jini ke jawo wa mai ciki.

Tsayar da jini: ana yin allurar oksitosin da zarar jariri ya fito, a kuma yi ƙarin jini idan ta kama. A 2023 aka fitar da sakamakon gwajin E-MOTIVE da aka yi a Najeriya da Kenya da Tanzaniya da Afirka ta Kudu, wanda Farfesa Hadiza Galadanci ta Jami'ar Bayero ke cikin jagororinsa. Gwajin ya nuna cewa auna jinin da ya zuba da wata leda mai ma'auni, tare da ba da magunguna a lokaci guda, yana rage mummunan zubar jini da kusan kashi 60 cikin 100.

Haihuwa a gida

A al'adar Hausawa da Fulanin yankin, mai cikin fari takan koma gidan iyayenta goyon ciki idan wata bakwai ya wuce. Ana yaba wa macen da ta daure ba ta yi raki ba, kuma kunya takan sa yarinya ta ɓoye naƙuda har ta yi nisa. A durƙushe ake haihuwa. Ungozomar gargajiya sau da yawa ba a kiranta sai bayan an sauka, aikinta shi ne yanke cibi, wanke jariri, binne mabiya da kula da wankan jego. Lokacin naƙuda ana ba mace rubutu ko jiƙo, akwai kuma magungunan da ake sha tun ciki na tsufa domin “wanke zaƙi”, wanda ake ganin yana jinkirta haihuwa.

Wasu al'adun suna da illar da likitoci suka tabbatar. Yankan gishiri, da ake yi da aska idan naƙuda ta yi tsawo, yana iya huda mafitsara ya jawo yoyon fitsari. Binciken da Davidson da Parry suka yi a Zariya a shekarun 1970 ya danganta ciwon zuciya na bayan haihuwa da yawan shan kunun kanwa da tsananin zafin wankan jego.

Dalilan zaɓen gida

Wani bincike da Ashimi da Amole suka wallafa a 2015 ya tambayi mata 410 masu zuwa awo a Birnin Kudu. Kusan shida cikin goma sun ce a gida suka yi haihuwarsu ta ƙarshe. Dalilan da suka fi ambata su ne rashin abin hawa da tasowar naƙuda cikin dare. Bayan su sai son haihuwar durƙuso, bin al'ada, tsoron tiyata, da halin wasu ma'aikata. Binciken ya nuna cewa matsalar hanya da sufuri ta fi al'ada nauyi, ko a wajen matan da suka riga suka yarda da awo.

Tsoron tiyata yana da tushe biyu. Na farko, ana ganin aiki zai taƙaita yawan 'ya'yan da mace za ta haifa, wasu kuma suna ɗaukarsa gazawa. Na biyu, yawancin waɗanda ake yi wa aikin sai sun kwana suna naƙuda a gida kafin a kawo su. Idan uwa ko jariri ya rasu sai a ɗora laifin a kan tiyatar, wannan kuma ya ƙara sa na baya su yi jinkiri. Masana Thaddeus da Maine sun bayyana irin wannan yanayi a 1994 da sunan jinkiri uku: jinkirin yanke shawarar tafiya, wanda sau da yawa yake jiran izinin miji, jinkirin isa asibiti, da jinkirin samun kulawa bayan an isa.

Alƙaluma

Binciken lafiya na ƙasa na 2018 ya nuna cewa kashi 39 cikin 100 na haihuwa a Najeriya ne ake yi a asibiti, a Arewa maso Yamma kuwa adadin bai kai kashi 20 ba. Kimanin kashi 3 cikin 100 ne aka haifa ta hanyar tiyata. Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana a 2015 cewa mutuwar uwa da jariri tana raguwa yayin da adadin tiyata ke hawa zuwa kashi 10, amma daga nan ba a ga ƙarin raguwa ba. Binciken na 2018 ya ƙiyasta mutuwar mata 512 cikin kowace haihuwa 100,000 a ƙasar. Wani binciken da Sharma da abokan aikinta suka wallafa a 2017 ya ƙiyasta 1,012 a Jihar Jigawa.

Ƙoƙarin haɗa hanyoyin biyu

Shirin Haihuwa Lafiya na Jihar Jigawa ya mayar da hankali ne kan jinkiri na farko da na biyu. Yana koya wa mazauna ƙauyuka alamomin haɗari, kamar zubar jini, kumburin fuska da ƙafafu, matsanancin ciwon kai da naƙudar da ta wuce awa 12. Yana kuma aiki da direbobin ƙungiyar sufuri domin ɗaukar masu naƙuda cikin gaggawa. Ungozomomin gargajiya ana horar da su ne su gane matsala da wuri su raka mace asibiti, maimakon su ci gaba da jira. A watan Nuwamba na 2024, Ministan Lafiya Muhammad Ali Pate ya sanar da tiyatar haihuwa kyauta ga mata marasa ƙarfi da suka cancanta.

Ta ɓangaren asibiti, shawarwari 56 da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2018 sun amsa wasu koke-koken da matan Birnin Kudu suka ambata. Hukumar ta ce a bar mace ta zaɓi yanayin da za ta haihu, har da durƙuso ko tsugune, a bar ta da mai rakiya da ta zaɓa, a daina yin ƙari ga kowace mace ba tare da dalili ba, a kuma daina danna cikin mai naƙuda da hannu. Aiwatar da waɗannan yana buƙatar isassun ungozomomi da labule ko ɗaki da zai rufa wa kowace mace asiri, abubuwan da suka yi ƙaranci a asibitocin karkara da yawa a Arewacin Najeriya.

Duba kuma

Birnin Kudu
Gwaram
Yoyon fitsari
Ungozoma
Wankan jego