Hujjar Bincike a Aikin Kocin Rayuwa

Kocin rayuwa mutum ne da ke zama da lafiyayyen mutum, ba majiyyaci ba, ya taimaka masa da tambayoyi har ya tsara burinsa na aiki ko kasuwanci, ya kuma bi shi. Sana'ar ta samo asali daga filin wasa. A 1926 Coleman Griffith na Jami'ar Illinois a Amurka ya wallafa littafi kan halayyar masu horar da 'yan wasa, sannan a 1992 littafin John Whitmore na Birtaniya ya shigar da salon cikin ofisoshin kamfanoni. Kasuwa ta buɗe, kowa ya kafa shagonsa, shaidar mafi yawansu kuwa ba ta wuce yabon waɗanda suka biya su kuɗi ba.

Daga likitoci aka aro gyaran. A 1996 David Sackett da abokan aikinsa suka bayyana cewa magani mai hujja yana tsayawa ne kan sakamakon bincike mafi inganci, haɗe da ƙwarewar likita da halin da majiyyaci ke ciki. Anthony Grant, wanda ya kafa sashen nazarin aikin koci a Jami'ar Sydney ta Ostireliya a 2000, yana cikin waɗanda suka fi dagewa a ɗora sana'ar kan wannan ma'auni. Ƙungiyar masana halayyar ɗan Adam ta Birtaniya ta buɗe wa fannin rukuni na musamman a 2004.

A aikace, don a gwada amfanin koci, akan raba mutane gida biyu ta hanyar ƙuri'a, a ba kashi ɗaya koci, ɗayan ya jira, a auna su kafin da bayan zaman. A 2014 Tim Theeboom da abokansa a Amsterdam suka tattara nazari 18, suka ga amfani a ƙwazon aiki, walwala da bin buri. Sai dai yawancin ma'aunin abin da mutum ya faɗa ne game da kansa, kuma wanda ya sha ɗawainiyar zama da wuya ya ce a banza ya yi.

Akwai wani giɓin. Galibin binciken an yi shi ne kan ma'aikata da ɗalibai a ƙasashen Turawa. Ɗan kasuwar Agege ko Ikorodu da ke juya jarin ubangidansa, wanda ba ya yanke shawara sai ya ji ta bakin iyaye da malaminsa, ba irinsa aka auna ba. Kocin da ya zauna da shi dole ya nemi hujja daga littafin cinikinsa da abin da ya sauya a shagon bayan 'yan watanni.